Akwati Biyu a Ɗakin Rahina

"Ki fitar da leshin nan, Rahina. Agadas za ki, ba gidan biki ba."

Zahara'u ta faɗi haka tana dariya, tana durƙushe gaban sabon akwatin da ke buɗe a kan tabarma. Rahina na zaune a bakin gado, ta cusa hannuwanta cikin mayafi, ta yi ɗan murmushin da bai wuce leɓe ba.

Asabar ce, babu lakwal, makaranta a rufe take, don haka Zahara'u ba ta da ajin koyarwa. Da hantsi mahaifiyarta, Inna Tabawa, ta leƙo ɗakinta ta ce, "Aminiyarki gobe za ta yi tafiya, kina nan kwance? Tashi ki je ki taya ta haɗa kaya."

Ba ta ma san da tafiyar ba. Ta ɗauki hijabi, ta tsaya kasuwar Magariya ta sayi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta nufi gidan Iya Yakura, gwaggon Rahina, inda Rahina take zaune tun da aka kawo ta karatu daga Dogo-Dogo. Da ta yi sallama sai ta ga Rahina ta zabura kamar wadda ta taka wuta. Wai yayarta ce ta haihu a Agadas, za ta je ta zauna mata har shekara. Abin ne ya zo da gaggawa, shi ya sa ba ta faɗa ba.

Zahara'u ba ta riƙe ta da komai ba. Ta naɗe hannun riga ta hau aiki.

"Shekara za ki yi, to sai ki shirya wa kowane lokaci nasa," ta ce. "Yanzu kaka ce, kina sauka sanyi zai tarbe ki. Sanyin can ba irin namu ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Bargo da safa da rigar sanyi su za su zauna a sama. Kayan zafi kuma a ƙasa, ba ki buƙatarsu sai bayan wata biyar ko shida. Ina yadukanki marasa nauyi? Na auduga nake nufi, banda masu santsin nan, in bazara ta shigo manne wa jiki suke."

"Suna cikin kwalla," Rahina ta ce a hankali.

"Miƙo. Kuma nannaɗewa ake yi, ba ninkewa ba, sai akwatin ya ci kaya. Damina ba ta da yawa a can, amma ranar da ta ga dama, ruwa daga duwatsu yake gangarowa ya shiga har ɗaki. Kayanki masu kyau ki sa su cikin leda ki ɗaure."

Rahina ta miƙo yadukan. A nan Zahara'u ta ga hannunta.

"Kai! Wannan lalle haka? Har gwiwar hannu?"

"Biki muka yi a Dogo-Dogo. Ɗiyar baffana."

"Ko amaryar ai iyakar abin da za a yi mata ke nan."

Rahina ta sunkuyar da kai.

Duk wannan sanin, Zahara'u ba ta taɓa wuce Damagaram ba. A bakin Nafi'u ta koye shi.

Nafi'u makanike ne a wani gareji a Arlit, can arewa da Agadas. Shekara uku ke nan suna son juna, kuma shekara uku ke nan Malam Ado, mahaifinta, yana cewa a'a. Ba don yaron yana da wani aibu ba. Wani bakin gona ne a Kwaya, ƙauyensu na asali, mai gawo guda a tsakiya, wanda Malam Ado da Malam Sadiƙu, uban Nafi'u, suke ja a kansa tun kafin a haife ta. Sun je gaban maigari, sun je gaban alƙali, ko a jana'iza ba sa gaisawa. Malam Ado ya ce ɗan Sadiƙu ba zai taka masa zaure ba.

Saboda haka ɗakin nan na Rahina ya zama musu mahaɗa. In Nafi'u ya zo ganin gida, ranar da zai koma sai ya ajiye akwatinsa a nan. Zahara'u ta zo ta wanke masa kaya, ta goge, ta shirya. In sanyi zai tarar, ta sa masa man kaɗanya saboda faso. In zafi ne, ta cusa garin ɗanwake da tsamiya da hula mai faɗi. Rahina ce ke mayar masa da akwatin tasha.

A cikin shekarun nan maneman da ta kora ba su da iyaka. Na baya-bayan nan Rabilu ne, ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga Najeriya, wanda Inna Tabawa take so kamar ta haife shi. Kullum maganar ɗaya ce: "Ummi, ƙannenki sun yi aure sun bar ki. Wanda kike jira, ubanki ba zai sauko ba." Ummi suke kiranta a gida, don sunan kakarta ta ci.

Ko a makon jiya ta yi waya da Nafi'u. Ya ce maigidansa ya hana shi hutu, bana ba zai samu zuwa ba. Ta yi kuka, ya rarrashe ta.

"Ga man kaɗanya na kawo miki," Zahara'u ta ce, tana zaro ɗan gwangwani daga leda. "Kullum da safe ki shafa a dugadugai, in ba haka ba..."

Gwangwanin ya kuɓuce mata, ya gangara ƙarƙashin gado.

Ta kwanta a gefe ta miƙa hannu.

"Bari! Bari zan ɗauko!" Rahina ta faɗa da ƙarfi, har tana riƙe mata kafaɗa.

Amma hannun Zahara'u ya riga ya taɓa wani abu. Ba gwangwani ba ne. Mariƙin akwati ne, kuma yatsunta sun san shi kafin idonta ya gani, don ita ta ɗinke shi da koren zare lokacin da ya tsinke.

Ta jawo shi waje.

Shuɗin akwati, kusurwa ɗaya a lotse.

Daga waje ana jin ƙarar injin niƙa na maƙwabta.

"Rahina, me akwatin Nafi'u yake yi a nan?"

"Tun... tun wancan zuwan ya bar shi."

"Wancan zuwan ni na shirya shi. Ke kika kai masa tasha. Kika dawo kika ce min kin ga an ɗora shi a saman mota."

Rahina ta buɗe baki, ta rufe.

Zahara'u ta ja zif ɗin. Ƙanshin turaren wuta ya buso mata. A sama akwai sabuwar farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, an sa sau ɗaya an ninke. Ƙarƙashinta rigunan aikinsa ne masu tabon baƙin mai. Ga rigar sanyin nan ruwan toka da ta saƙa masa da kwarashi bara. A gefenta kuma, a cikin kayan namiji, an jera zannuwan mace guda uku da ɗankwali. Ɗaya daga ciki ta san shi sarai. Tare suka sayi atamfar da Rahina, suka yi anko da Sallah.

Kafin ta ɗago, labule ya motsa. Iya Yakura ce, tana tafe tana magana.

"Amarya, ki fito mana, ga angon naki a zaure, wai a ba shi akwatinsa ya kai wa direba tun yau..."

Ta ga Zahara'u. Ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu," ta saki labulen ta koma.

Zahara'u ta dubi hannun Rahina, lallen da ya hau har gwiwa.

"Ɗiyar baffanki," ta ce.

Rahina ta zame daga gado ta faɗi a gabanta, ta kama ƙafafunta, kuka ya ƙwace mata.

"Ki yafe min, Zahara'u. Don girman Allah ki yafe min. Wallahi ban nufe ki da sharri ba. Ban san yadda aka yi ba."

"Yaushe aka ɗaura?"

"Juma'ar makon jiya. A Dogo-Dogo."

"Ba wannan nake tambaya ba ma. Yaushe kuka fara?"

Rahina ta kifa fuska a kan ƙafafunta.

"Rahina, ki dube ni. Yaushe?"

"Daminar bara."

Zahara'u ta runtse ido. Daminar bara. Bayanta ne ta zauna a kan wannan tabarmar tana saƙa rigar sanyi, Rahina na riƙe mata da ƙullin ulu, tana tsokanarta wai hannun rigar ya yi tsawo, wai ta fi ta sanin tsawon hannun Nafi'u. Suka yi ta dariya.

"Kina riƙe min zare," ta ce, muryarta ta dushe. "Ina saƙa, kina riƙe min zare, kina kallona."

"Na so in gaya miki. Sau nawa ina buɗe baki..."

"Yau ma na ga kin buɗe. Kika bar ni ina durƙushe ina koya miki yadda za ki zauna da shi. Ina gaya miki sanyin garinsa, ina gaya miki zafin garinsa. Agadas! Ashe Arlit za ki."

Ta fizge ƙafarta, ta miƙe, ta ɗauki rigar sanyin ta fita.

Nafi'u na tsaye a zaure, ya juya baya, yana danna waya. Ya yi aski, ya yi ƙiba kaɗan. Da ya ji tafiya ya juyo da fara'a, fara'ar ta mutu a fuskarsa.

"Zahara'u."

"Sannu da zuwa. Ashe maigidan naka ya ba ka hutu."

"Ki tsaya ki ji."

"Ina tsaye. Shekara uku ina tsaye, yau ne zan kasa?"

Ya shafa kai, ya dubi ƙofar waje kamar mai neman hanyar gudu.

"Na yi niyyar gaya miki. In na isa can, in hankali ya kwanta..."

"A waya."

"Ban iya kallon idonki ba."

"Amma ka iya jin kukana. Makon jiya ina kuka kana ce min in yi haƙuri, saura kaɗan. Kana ina lokacin? Kana wajen tela ana gwada maka babbar riga?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Zahara'u, na gaji. Wallahi na gaji. Ba ki san zaman can ba. In taso daga gareji in shiga ɗaki ni kaɗai, ba mai ce min sannu. Da zazzaɓi ya kayar da ni cikin zafin nan, har na ɗauka mutuwa zan yi, Rahina ce take kirana safe da yamma."

"Ni ban kira ba?"

"Kin kira. Kina raɗa, kina cewa bari in kashe ga Baba nan. Kullum ga Baba nan. Yaushe Baban zai wuce? Tsohona ya sa ni gaba, ya ce in ban yi aure bana ba kada in ƙara kiransa uba. Ke kuma na ce miki mu je wajen alƙali ya ɗaura mana, kika ƙi."

"Na ƙi in kai ubana ƙara. Laifina ke nan?"

"Ban ce laifi ba ne."

"To da ka gaji, me ya hana ka ce min ka gaji? Da na yi kukana na share hawaye. Mata sun ƙare a Magariya? Sun ƙare a Kwaya, sun ƙare a Arlit? Sai wadda na ba amanar akwatinka?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ka san mutum nawa na kora saboda kai? Ka san abin da nake ji a gidanmu? Ƙannena suna zuwa da goyo, ana nuna ni da baki. Innata ta daina cin abinci da ni. Duk na shanye, ina cewa Nafi'u na can yana shan wahala saboda ni, ni ma bari in sha tawa. Ashe ni kaɗai nake sha."

"Har yanzu ina sonki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Allah ya sani."

"Kada ka sa sunan Allah a cikin wannan."

Ta miƙa masa rigar sanyin. Ya tsaya yana kallonta, bai karɓa ba. Ta kama hannunsa ta ɗora masa.

"Ba zan karɓe ba. Na ba ka, na ba ka. Ka riƙa sawa. Duk ranar da ka sa, ita ma ta gani."

Ta ratsa ta gefensa ta fita. Ya kira sunanta sau ɗaya. Bai biyo ta ba.

Ba ta hau babur ɗin kabu-kabu ba. Da ƙafa ta ratsa bayan kasuwa, rana na dukanta, amalanken jakai suna wuce ta da dammunan gero. Wata ɗalibarta ta gaishe ta, "Madam, ina wuni," ba ta ji ba.

Ta tarar da Inna Tabawa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faranti. Inna ta ɗago ta dube ta sau ɗaya, ta mayar da kai.

A wannan kallon Zahara'u ta gane.

"Inna, kin sani."

"Zauna, Ummi."

"Kin sani kika tura ni."

Inna Tabawa ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Tun ranar Asabar ɗin da ta wuce na ji, a bakin wata mai kawo kuka daga Dogo-Dogo. Da na gaya miki da bakina za ki yarda? Cewa za ki yi Inna ta ƙulla don ta aura min Rabilu. Na ce gara ki gani da idonki."

"Sati guda kina kallona ina waya da shi."

"Ina kallonki, cikina yana ƙuna. Ni na haife ki. Kina tsammanin daɗi nake ji?" Ta ture farantin gefe. "Amma yanzu ai kin huta. Kin ga wanda kika ƙi mutane dominsa. Rabilu ko jiya ya aiko a gaishe ki."

"Inna, don Allah. Ko gawa ai ana bari ta huce."

Ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa da hijabinta. Ta yi kuka har muryarta ta daina fita. Azahar ta wuce, Inna ta ajiye mata fura a bakin ƙofa, ba ta taɓa ba.

Bayan la'asar ta ji amalanke ya tsaya a ƙofar gida, ta ji muryar Baba. Kwana goma ke nan yana Kwaya wajen girbi. Yana ba da umarnin inda za a jibge gero, kuma abin mamaki, dariya yake yi. An daɗe ba a ji dariyarsa a gidan nan ba.

"Ina uwata? A kira min uwata."

Ta wanke fuska, ta ja hijabi ya rufe mata goshi, ta fito ta durƙusa gefen tabarmarsa. Inna ta kawo masa ruwa a kwanon sha ta tsaya.

"Sannu da hanya, Baba."

"Yawwa, uwata. Ke ma zauna," ya ce wa Inna. "Maganar ta shafe ki."

Ya sha ruwa, ya ajiye kwanon, ya gyara zama.

"Kwanakin nan da na yi a gona, na yi tunani. Ina yankan gero ina duban bakin gonar nan da gawon nan. Na ce, Ado, wannan 'yar ƙasar da ba ta fi a shimfiɗa tabarma ashirin ba, ita za ka zaɓa a kan ɗiyarka? Ina ganinki, uwata. Kin rame, kin daina dariya. Ba ki taɓa ɗaga min murya ba, ba ki kai ni gaban kowa ba. Na ji kunyarki."

Zahara'u ta ƙara jan hijabi ya rufe mata fuska.

"Yau da safe na je wajen maigari, na sa aka kira Sadiƙu, aka tara dattawa. Na ce na bar masa wurin, har gawon, duniya da lahira. Na miƙa masa hannu."

"Ya... ya karɓa?" Inna ta tambaya.

"Ya karɓa mana. Da hannu biyu. Liman ya shafa fatiha. Na ce masa, to Sadiƙu, tunda mun shirya, sai a zo a yi maganar yara. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya saka da alheri. Bai ƙara komai ba, kunya ta kama shi. Mutane kuwa sai kallona suke yi, ba wanda ya ce uffan. Ba su taɓa zaton zan iya ba."

Ya yi dariya, ya juyo gare ta.

"To, uwata. Ki gaya wa yaron nan ya turo magabatansa. Ƙofata a buɗe take."

Ba wanda ya yi guɗa. Ba wanda ya yi godiya.

Ya dubi ɗiyarsa, ya dubi matarsa. Dariyar ta fara ja da baya.

"Lafiya? Ba ku ji abin da na ce ba?"

Zahara'u ta matso da gwiwoyinta, ta dafa bakin tabarmarsa. Ta so ta yi shiru, ko na yau kaɗai, ya kwana da farin cikinsa. Amma gobe da safe duk tashar Magariya za ta ga amarya da ango.

"Baba," ta ce, "Nafi'u ya yi aure. Juma'ar makon jiya, a Dogo-Dogo. Rahina ya aura."

Malam Ado bai motsa ba.

"Wace Rahina? Taki?"

"Ita."

"A'a," ya ce. "A'a. Da ubansa ya faɗa min. Ai yau da safe muna tare. Ya riƙe hannuna."

"Da shi aka ɗaura, Baba. Shi ya matsa a yi."

Tsohon ya ɗaga hannunsa na dama ya tsura masa ido, kamar ba nasa ba. A hankali ya goga tafin a jikin rigarsa. Ya sake gogawa. A ƙofar gida masu sauke gero suna ta raha, ba su san abin da ake ciki ba.

Can ya ɗago kai, ba wajen Zahara'u ba, wajen Inna Tabawa, wadda ta jingina da bango tana murza bakin zanenta.

"Ke ban ga kin yi mamaki ba," ya ce a hankali. "Yaushe kika ji?"

Inna Tabawa ta buɗe baki. Kwanon shan da ta ɗauka ya suɓuce daga hannunta, sauran ruwan ya malale har bakin tabarmarsa, ba wanda ya janye ƙafa.